Kunamar da Auta ya turo min hotonta daga Seychelles

Ranar wata Laraba bayan isha'i ina zaune ina makin takardun 'yan aji biyu, sai ga saƙo ya shigo WhatsApp daga Auta, ƙanina da ke koyarwa a Seychelles yau shekara ta biyu kenan. Hoto ne kuma bai fito sosai ba, wata 'yar kunama ce a cikin robar wanka ta raɓe gefe guda ta naɗe jela, a ƙasa ya rubuta "Yaya don Allah duba min wannan, a banɗaki na same ta, tana kisa?" Wallahi ban san sanda na ture takardun nan gefe ba, nan take na kira shi nace Auta kar ka kashe ta, ka samu kofin gilashi ka kife ta. Yace Yaya kunama ce fa. Nace na sani, kai dai kife ta tukuna.

Dalilin da yasa gabana ya faɗi shi ne tun da yaron nan ya tafi na shiga karance-karance kan halittun ƙasar, abinka da malamin bayoloji, kuma na san cewa a tsibiran nan akwai wata 'yar kunama mai suna Afrolychas braueri da a duk faɗin duniya babu inda take sai can, wadda masana ma sau ƙalilan suka taɓa ganinta da ido. Sai zuciyata ta fara raya min ko ita ce Allah ya kawo har cikin robar wankan ƙanina.

Mu dai a ƙauyenmu can ƙasar Katsina kunama iri biyu muka sani, akwai 'yar ja-ja ɗin nan da ke shiga takalmi da ƙarƙashin tabarma, sai kuma duwu, baƙin nan ƙato da ake tsorata yara da shi. Ni 'yar jan ce ta taɓa harbina ina ɗan shekara tara, Inna ta aike ni in ɗebo mata kara a bayan rumbu da magariba, na cusa hannu cikin damin sai naji kamar an soka min allurar da aka gasa a wuta a babban yatsa, kafin in iso tsakar gida raɗaɗin ya hau har hammata, haka na kwana ina juyi Inna na riƙe da hannun tana tofa min addu'a. Da safe aka warware damin aka same ta aka buge da takalmi, shikenan labarinta ya ƙare, babu wanda ya tsaya duba ta, ni ma ban duba ba. Sai da na girma na shiga jami'a na gane cewa abin da muke haɗawa mu kira kunama, masana sun rarrabe sama da iri 2,500 a duniya, kuma waɗanda dafinsu ke iya kashe mutum ba su wuce 25 zuwa 30 ba. Wannan fa ba yana nufin a raina su bane, mutanen Agadas da kewaye sun san irin ɓarnar da kunamun sahara ke yi musamman ga ƙananan yara, duk yaron da kunama ta harba ya fara gumi ko amai ko dalalar da yawu to asibiti za a yi da shi ba a tsaya jiƙa komai ba.

To mu koma kan ta Auta. Seychelles ɗin tsibirai ne guda 115 a tekun Indiya, kusan kilomita 1,500 daga gaɓar gabashin Afirka, mutanenta duka-duka sun ɗan haura dubu 100, babban birnin Victoria yana kan tsibirin Mahé kuma nan Auta yake. Kunamun da aka sani a manyan tsibiran ƙasar iri uku ne, wannan ya sauƙaƙa min aiki sosai, don da a ce daga Meziko ko Indiya aka turo hoton da sai dai in ɗaga hannu.

Nace masa ya ɗauko rular da yake ja wa ɗalibai layi ya ajiye gefen kofin, ya kunna fitilar waya ya ɗauko min daga sama, sannan ya zura kwali a ƙarƙashi ya juyar da ita cikin kofin ya ɗaga sama ya ɗauko cikinta ta gindin gilashin. Ya yi ta mita yana cewa hannunsa rawa yake, amma dai ya turo hotuna wajen goma sha biyu, huɗu daga ciki sun yi kyau.

Ga yadda ake karanta jikin kunama, don ni a wurina karatu ne kamar na allo. Farko ka dubi hannuwan nan biyu masu kama da awartaki, shin masu kauri ne kamar na ƙaguwa ko sirara ne kamar tsinke. Sai ka dubi jela, gaɓoɓinta biyar ne sai jakar dafi a ƙarshe wadda ƙarin ke jiki. Galibi in ka ga awartaki sirara jela kuma mai kauri to wannan da dafi take farauta, a yi hattara, in kuwa awartakin ne manya jelar siririya to da ƙarfin damtse take kama abincinta, shi yasa irin manyan baƙaƙen nan na kurmin Afirka ta Yamma da ke kai santimita 20 harbinsu bai kai na wata 'yar ficiciya ta sahara ba. Bayan nan sai ka dubi gadon bayanta, faranti bakwai ne a jere, kuma a kansu akwai wasu layuka masu tudu da suka bi tsawon jikin kamar kunyoyin gona, wata kunya ɗaya gare ta a tsakiya wata uku. Sai ka leƙa ƙarƙashin ƙarin, wasu suna da ɗan ƙaramin tsini kamar ƙaya a wurin wasu babu. In ka juya cikinta kuma za ka ga wani abu da babu wata halitta mai irinsa, wasu 'yan matazai guda biyu dama da hagu sak matajin kai, da su take shafar ƙasa tana jin ƙamshi da motsi, kuma masana har ƙirga haƙoran matajin suke don adadin ya bambanta daga iri zuwa iri, na namiji ma yakan fi na mace yawa ko tsawo.

Ta farko cikin ukun ban ɓata lokaci a kanta ba. Sunanta Chiromachus ochropus, ƙatuwa ce mai duhun jiki da manyan awartaki da ƙafafu masu ɗorawa-ɗorawa, sunan ma abin da yake nufi kenan, mai ƙafa ruwan ɗorawa, an fi samunta a ƙarƙashin duwatsu a ɗan tsibirin Frégate. Ta Auta ko kusa.

Saura biyu, kuma a nan ne aikin yake don su biyun duk ƙanana ne, duk ruwan ƙasa-ƙasa da ɗorawa, duk dangi ɗaya ne da ake kira Buthidae, dangin da 'yar jan da ta harbe ni ma take ciki, wanda bai saba ba zai rantse abu ɗaya ne. Ɗaya ita ce Isometrus maculatus, wadda wani masani ɗan Suwidin Charles De Geer ya bayyana tun 1778, 'yar yawon duniya ce ta gaske, ta bi jiragen ruwa cikin katako da buhuna da kayan fatake ta bazu kusan duk ƙasashe masu zafi da danshi, har Hawai ta je ta zauna, kuma ba ta ƙin gidan mutane. Ɗayar kuma ita ce wadda nake fata, Afrolychas braueri, kunamar kurmin Seychelles.

Na buɗe hoton da ya fi fitowa na ja shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Jikinta duk ɗigo-ɗigo ne da zane-zane masu duhu har ƙafafu, kamar an yayyafa mata ruwan kofi. Yatsun awartakin dogaye sirara kuma sun fi sauran hannun duhu. Jelar doguwa ce ƙwarai siririya kamar zaren buhu, ta fi sauran jikin tsawo nesa ba kusa ba, da na kwatanta da rula in an miƙe ta gaba ɗaya za ta haura santimita 6. Tun a nan jikina ya fara sanyi, don ita braueri ko ta gama girma tsakanin santimita 2 da rabi ne zuwa 3 da rabi, wato gaɓa biyu na ɗan yatsa. Sai na koma gadon baya inda hasken fitilar ya bugo ta gefe ya fitar da inuwa, na ƙirga, kunya ɗaya ce tal a tsakiya. Ita kuwa braueri alamarta da ta raba ta da sauran ita ce kunyoyi uku a fili a gadon bayanta. Ga kuma inda aka same ta, banɗakin gida a gefen gari, alhali waccan a cikin ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasan kurmin kan dutse take rayuwa, ba ruwanta da gidan kowa. Na rubuta masa cewa Auta wannan 'yar yawon duniyar ce, kuma namiji ne don su ne masu doguwar jela haka, harbinta akwai zafi kamar na rina amma ba a san ta da kisan lafiyayyen babba ba, ka kwantar da hankalinka. Ya turo Alhamdulillah har sau uku.

Gaskiya naji ba daɗi a daren, ba zan ɓoye ba, amma kuma abin ya sa na koma na sake bin labarin ita waccan da ba mu samu ba, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

A tsakiyar shekarun 1890 wani Bajamushe masanin dabbobi mai suna August Brauer ya je Seychelles ya yi watanni yana tattara ƙananan halittu, cikin abin da ya kwaso har da wata 'yar kunama daga tsibirin Praslin. Ta faɗa hannun Karl Kraepelin, shugaban gidan adana halittu na birnin Hambug, wanda a zamaninsa ba a cika samun wanda ya kai shi sanin kunamu ba, shi ya duba ya ga ba ta dace da ko ɗaya cikin waɗanda aka sani ba, a 1896 ya fitar da bayaninta ya raɗa mata suna Archisometrus braueri don girmama wanda ya kamo ta. Daga baya aka mayar da ita cikin zuriyar Lychas, ta daɗe a nan, sai a 2019 wani masani ɗan ƙasar Cek, František Kovařík, ya sake duba dangin gaba ɗaya ya ware ta ita da wata 'yar uwarta ta gabashi da kudancin Afirka ya buɗe masu sabuwar zuriya Afrolychas. Ɗalibaina kan tambaye ni wai Malam me yasa turawan nan ba sa barin suna ya zauna, sai in ce masu kamar asalin mutum ne, yaro yana nan yadda yake amma in aka bincika aka gano kakanninsa ba daga inda ake zato suka fito ba dole a gyara nasaba.

Kuma raɗa wa halitta suna ba wai ka kalla ka ce ta yi kama da kaza bane. Sai an ɗauki ƙwaya ɗaya an tsoma a sifirit an ajiye a gidan adana halittu a matsayin ma'auni, ta yadda ko bayan shekara ɗari wani ya samu wata zai iya zuwa ya gwada su gefe da gefe. Sai an auna kowace gaɓa da milimita, an ƙirga haƙoran mataji, an ƙirga layukan 'yan ƙwayoyin da ke cikin yatsan awartaki, har wasu siraran gasu da ke jikin hannun waɗanda take jin motsin iska da su sai an zana inda kowanne ya tsiro, wani Bafaranshe Max Vachon ne ya tsara wannan hanyar ta gasu a 1974 kuma har yau da ita ake aiki. Sannan a rubuta 'yar takarda a jefa cikin kwalbar, wuri kaza, rana kaza, wane ne ya kamo. Ita wannan 'yar takardar ni tafi burge ni a duk aikin, don da ita ce muka san cewa braueri ta taɓa zama a Praslin da Mahé, inda yanzu an daina ganinta.

Tun farkon ƙarni na 20 aka neme ta aka rasa, shekaru aka kwashe masu yawa har ana zaton ta ƙare, sai a 1990 aka sake cin karo da ita a tsibirin Silhouette, kuma daga lokacin zuwa yau ganin da aka yi mata bai taka kara ya karya ba. Silhouette ɗin yana kusan kilomita 20 arewa maso yamma da Mahé, in gari ya yi wasai daga bakin teku ana hango shi, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 20, dutse ne tsaye da kurmi ya lulluɓe, ƙololuwarsa Mont Dauban ta haura mita 700 kuma yawanci hazo ne ke rufe da ita. A cikin wannan ɗan tsibirin ma ba ko'ina take ba, wani ɗan yanki ne can sama da bai wuce murabba'in kilomita 5 ba. Ku auna fa, duk abin da ya rage na wannan halitta a doron ƙasa yana cikin filin da mutum zai iya zagayewa da ƙafa tsakanin azahar da la'asar in da shimfiɗaɗɗe ne. Shi yasa hukumar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa ta a matakin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ke korar ta. Ba maciji bane ba tsuntsu bane, girfa ce. Eh, girfar nan dai da muke jefawa a shayi da citta da kanumfari, wadda mata ke sawa a haɗin turare da girki. Faransawa sun fara zama a tsibiran a 1770, a 1772 suka kawo itacen girfa wanda asalinsa na Siri Lanka ne suka dasa a wani lambu a Mahé da nufin su karya kasuwar kayan ƙamshi da Holan ta riƙe, to itacen sai ya samu ƙasa da ruwan da yake so, tsuntsaye suka riƙa cin 'ya'yansa suna kai irin ko'ina, da aka sare manyan itatuwan asali don katako da gonakin kwakwa sai girfa ta maye gurbinsu, har ta zama abin da ƙasar ke fitarwa waje, ɓawo da man ganye, ta ciyar da gidaje da yawa, wannan gaskiya ne ba za a ƙi faɗa ba. Amma yau in ka ga dutsen Mahé ya yi kore shar to kaso mai yawa girfa ce, saiwoyinta kan saƙa wata tabarma a saman ƙasa su hana 'ya'yan itatuwan asali tasowa, ganyen da ke zubowa ƙasa ya canza, danshin ya canza, ƙananan ƙwarin da ke cikin ganyen suka canza, ita kuma kunamar nan duk duniyarta wannan shimfiɗar ganyen ce, nan take kwana nan take farauta nan take haihuwa.

Tunda na ambaci haihuwa bari in gyara wani abu da muka taso muna ji, wai 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke. Kunama ba ƙwai take yi ba, haihuwa take, 'ya'yan su fito farare tas masu laushi su hau bayanta ta yi ta goyonsu har sai sun yi saɓar farko sannan su watse, wanda ya ga uwa lulluɓe da 'ya'ya kamar tsutsa shi ne ya zaci cin ta suke. Na taɓa ganin haka da idona a ƙarƙashin wani tsohon turmi, na durƙusa na fi minti goma ina kallo, duk sanda na matso da tsinke sai ta ɗaga jela ta rufe su.

A 2010 gwamnatin Seychelles ta mayar da kusan kashi 93 cikin 100 na Silhouette gandun da aka kare, kuma akwai masu aikin cire girfa da sake dasa itatuwan asali, aiki ne na hannu da adda a kan gangaren dutse mai santsi. Ni ina ganin ya cancanci a yi, ko da wani zai ce duk wannan wahalar saboda kunama, wadda dafinta ma ba ya cutar da mutum balle a ce magani ake nema. Allah ne ya halicce ta ya ajiye ta a wannan wurin tun kafin wani ɗan Adam ya taka tsibirin, mu muka kai abin da ke cinye mata gida, to in an tashi gyarawa ai ba alfarma aka yi mata ba.

Abin da ke damuna kuma shi ne mu nan gida ko irin wannan 'yar takardar ta cikin kwalba ba mu cika ajiyewa ba. Duwatsun Kwatarkwashi da na Kufena da tsaunukan Filato, Allah kaɗai ya san kunamun da ke ƙarƙashinsu, kuma kayan aikin ba tsada gare su ba, tocilar nan mai shuɗin haske da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita ta isa, don fatar kunama in wannan hasken ya taɓa ta a duhu sai ta ɗau wani kore-kore mai ƙyalli kamar an kunna mata wuta a ciki, tun 1954 masana suka lura da haka. Satin da ya biyo baya na sayi guda ɗaya na fita da ɗalibai shida bayan katangar makaranta da daddare, kowa da takalmi rufaffe, cikin minti ashirin muka ga huɗu, wata yarinya da ko kyankyaso ba ta iya kallo ita ce ta ƙi yarda mu koma sai da ta ƙirga haƙoran matajin ɗaya ta gindin kwalba, ta ƙirga ta sake ƙirgawa don ta farko da ta biyu ba su zo mata daidai ba.

Shi ma Auta bai kashe tasa ba. Ya huda murfin wata roba ya zuba ganye mai danshi ya tafi da ita makaranta, kwana biyu ɗalibansa na kallo, ya sa suka rubuta takarda suka manna a jiki da sunanta da wurin da aka same ta da kwanan wata, sannan ya kai ta can nesa da gidaje ya sake ta gindin wani dutse. Yace da ya tsinki ganyen itacen da ke wurin ya murza a hannu sai yaji ƙamshin kanumfari-kanumfari, ya tambayi wani dattijo mai wucewa yace masa ai girfa ce, duk dutsen nan ita ce. Yanzu wai yana tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Silhouette in an yi hutu, na ce masa ya nemi masu kula da gandun su yi masa jagora kuma ko ya ganta hoto kawai zai ɗauka, daga sama, da rula a gefe, hasken ya bugo ta gefe yadda kunyoyin za su fito.

Da na je gida ƙarshen mako na nuna wa Inna hotunan, ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta ta daɗe tana kallo, tace ikon Allah, wannan ai jelarta ta fi ta namu tsawo. Sai tace in danna mata wurin magana, ta kara bakinta tace "Auta, Allah ya tsare min kai, ka riƙa kakkaɓe takalminka da safe kafin ka sa, ka ji ko."